Yadda Ake Lissafa Nisa da Awannin Tafiyar Jirgin Sama: Misalin Kano zuwa Jidda

Mai shirin tafiya a jirgin sama da wanda zai je tarbarsa tambayarsu ɗaya ce: awa nawa ne? Amsar tana rataye da abubuwa huɗu, wato nisan da ke tsakanin filayen jirgin biyu, hanyar da jirgin zai bi, gudunsa, sai bambancin agogon ƙasashen. Nisa shi ne mafi sauƙi, domin ba ya canzawa. Sauran ukun ne ke wahalar da mutane, agogo kuma ya fi su duka ɓatar da lissafi. Za mu yi aikin da hanyar Kano zuwa Jidda, tunda alhazai da masu Umara da 'yan kasuwa sun san ta, amma matakan suna aiki a kan kowace hanya.

Kayan aiki

- Kalkuleta mai maɓallan sin da cos. Ta cikin waya ma ta isa; a yawancin wayoyi idan ka karkata wayar a kwance maɓallan za su fito.
- Takarda da biro. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa, lambobin suna da yawa.
- Manhajar taswira irin Google Maps, don samo matsayin filayen jirgi.
- Tikiti ko jadawalin jirgin, idan akwai.
- Idan babu intanet: ƙwallon taswirar duniya irin na makaranta, zare da rula.

Lambobi huɗu kuma ka rubuta su a saman takardar tun farko. Digiri ɗaya a bayan ƙasa kilomita 111.2 ne. Mil ɗaya na tudu kilomita 1.609 ne. Mil ɗaya na ruwa, wanda matuƙa jirgi ke aiki da shi, kilomita 1.852 ne. Awa ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba, kuma za ka ga dalilin wannan tunatarwa a gaba.

Mataki na 1: Tantance filin jirgi, ba gari ba

Jirgi daga fili yake tashi, a fili yake sauka. Kowane fili yana da haruffa uku da aka san shi da su a duniya, su ne ake bugawa a tikiti da takardar da ake maƙala wa jaka. Filin Malam Aminu Kano KAN ne, na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda JED, na Madina MED, na Nnamdi Azikiwe a Abuja ABV, na Murtala Muhammed a Legas LOS, na Diori Hamani a Yamai NIM. Manyan birane kan sami fili fiye da ɗaya: Landan tana da Heathrow da Gatwick da wasu, Istanbul tana da biyu. A nisan sama bambancin kaɗan ne, amma a tafiyar mota bayan an sauka yana iya cin awa guda.

Mataki na 2: Samo lambobin matsayi

Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu. Ta farko, latitud, tana nuna nisansa arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu a tsakiya. Ta biyu, longitud, tana nuna nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa ta Greenwich a Landan, inda agogon GMT ya samo sunansa. Mu kira su lambar arewa da lambar gabas.

A Google Maps ka nemo filin jirgin, ka danna yatsa a kansa ka riƙe har jar alama ta fito, lambobin za su bayyana. Lambobi biyu bayan ɗigo sun wadatar.

- Kano: arewa 12.05, gabas 8.52
- Jidda: arewa 21.68, gabas 39.16

Wani lokaci za ka tarar an rubuta su da digiri, minti da daƙiƙa, kamar 12°02′51″. Kada ka shigar da wannan a kalkuleta a matsayin 12.0251. Raba mintin da 60, ka raba daƙiƙar da 3,600, ka tara: 12 + 0.033 + 0.014, ya ba da 12.05 idan an cike.

Wurin da ke kudu da layin tsakiya, kamar Johannesburg, ana sa wa lambar arewarsa alamar ɗebewa. Haka wurin da ke yamma, kamar Akara ko New York, ana sa wa lambar gabas ɗinsa. Sakaci da wannan alamar shi ne kuskure mafi tsada a duk aikin. Tsakanin Kano, wadda ke gabas 8.52, da filin JFK na New York, wanda ke yamma 73.78, tazarar digiri 82.30 ce, domin tarawa ake yi. Wanda ya ɗebe zai sami 65.26, ya yar da kusan kilomita dubu ɗaya da ɗari huɗu bai sani ba.

Mataki na 3: Lissafa nisan kai tsaye

Taswirar da ke shimfiɗe a takarda tana ruɗin ido, domin duniya mulmulalliya ce. Ka kifa ƙwarya, ka ja zare tsakanin ɗigo biyu a bayanta har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta nan ce gajeriyar hanya. Idan aka zana wannan hanyar a shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ta fito a lanƙwashe, shi ya sa a allon cikin jirgi kake ganin kamar matuƙi yana zagaye alhali yanke yake yi.

Akwai hanyoyi huɗu na samo wannan nisan. Zaɓi wadda kayan aikinka suka ba ka dama.

Ta farko ita ce ta kalkuleta, kuma ita ce mafi inganci. Kafin komai duba allon kalkuletar ka tabbatar tana kan DEG, wato digiri, ba RAD ba. Gwajin mai sauƙi ne: danna sin 30. Idan ta ba ka 0.5, ci gaba. Idan ta ba ka wata lamba mai alamar ɗebewa, sauya ta.

1. Ɗebe lambobin gabas biyu. Da cikakkun lambobin filayen, tazarar Kano da Jidda digiri 30.63 ce.
2. Ninka sin na lambar arewar farko da sin na ta biyu: sin 12.05 × sin 21.68 = 0.0771.
3. Ninka cos na lambobin arewa biyu da cos na tazarar gabas: cos 12.05 × cos 21.68 × cos 30.63 = 0.7820.
4. Tara su: 0.0771 + 0.7820 = 0.8591.
5. Danna cos⁻¹ a kan wannan amsar. A wasu kalkuletocin sai ka fara danna SHIFT ko INV. Za ka sami digiri 30.78.
6. Ninka da 111.2. Amsa: kimanin kilomita 3,420.

Kada ka rage lambobin bayan ɗigo su kasa huɗu a tsakiyar aikin. Idan ka mai da 0.8591 ta zama 0.86, ka rasa kilomita goma sha wani abu, wanda ba komai ba ne a tafiyar Jidda. Amma a gajeriyar tafiya irin Kano zuwa Abuja amsar mataki na huɗu tana dab da 1, kuma ɗan ragin nan sai ya rushe lissafin gaba ɗaya. Don haka gajeriyar tafiya ta fi dacewa da hanya ta biyu.

Hanya ta biyu ta gaggawa ce. Ɗebe lambobin arewa ka ninka da 111.2. Ɗebe lambobin gabas ka ninka da 111.2, sannan ka sake ninkawa da cos na tsaka-tsakin lambobin arewan biyu, domin layukan gabas suna matsewa yayin da ake nisa da tsakiyar duniya. Sai ka ninka kowace amsa da kanta, ka tara, ka danna √. Filin Abuja yana arewa 9.01, gabas 7.26. Tazarar arewa da Kano digiri 3.04 ce, wato kilomita 338. Ta gabas 1.26 ce, idan an ninka da 111.2 da kuma cos 10.5 ta ba da 138. Amsar ƙarshe kilomita 365, alhali a mota tafiyar ta haura kilomita 400. Idan ka gwada wannan hanyar a kan Kano zuwa Jidda za ka sami 3,430, kusan daidai. Inda take gazawa shi ne doguwar tafiyar gabas zuwa yamma a can arewacin duniya: tsakanin Landan da New York tana ƙara fiye da kilomita 200 a kan gaskiya.

Ta uku ta mai intanet ce. Bayan ka dasa jar alamar a Google Maps akwai zaɓin auna nisa, sai ka ja zuwa ɗaya filin. Shafin Great Circle Mapper ma yana yi, ka rubuta KAN-JED kawai. Sai dai ka lura da ma'aunin da aka ba ka. Nisan Kano zuwa Jidda kilomita 3,420 ne, mil ɗin tudu kusan 2,130, mil ɗin ruwa kusan 1,850. Duka ukun gaskiya ne, amma wanda ya ɗauki 1,850 a matsayin kilomita zai ce tafiyar ba ta kai awa uku ba.

Ta huɗu ita ce zare a kan ƙwallon taswira. Ɗame zaren tsakanin garuruwan, ka kama iyakarsa da farce, ka kwantar da shi a kan layin tsakiyar duniya ka ƙirga digirorin da ya rufe, ka ninka da 111.2. Kuskurenta bai cika wuce kilomita ɗari ko biyu ba.

Mataki na 4: Ƙara na lanƙwasar hanya

Jirgin fasinja ba ya bin zaren nan sak. Akwai tsararrun hanyoyi a sama, akwai juyin da yake yi bayan tashi da kafin sauka gwargwadon titin da aka ba shi, akwai kaucewa hadari a lokacin damina. A lissafin gida ka ƙara kashi 5 cikin ɗari, wato ka ninka da 1.05. Kano zuwa Jidda ta zama kilomita 3,590.

Wannan idan sama a buɗe take ke nan. Miƙaƙƙiyar hanyar Kano zuwa Jidda tana bi ta yankin Tafkin Chadi, ta ratsa ƙasar Chadi da arewacin Sudan, ta tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Najeriya na wannan shekarar sai da suka yi zagaye, tafiya ta ƙaru da fiye da awa guda, kamfanonin jigila kuma suka nemi ƙarin kuɗi. A watan Agustan shekarar ma Nijar ta rufe tata samaniyar na wasu makonni bayan juyin mulki, jiragen da ke tsakanin Najeriya da Turai suka riƙa kewayawa. Saboda haka kafin ka amince da amsarka, duba ƙasashen da layin ya ratsa ka tambayi kanka ko akwai wadda ake guje wa a yanzu.

Idan akwai, ga dabarar kimantawa. Zaɓi wani gari a gefen da jirgin zai kewaya, ka lissafa tafiyar gida biyu. Kano zuwa Alƙahira kusan kilomita 3,100 ce, Alƙahira zuwa Jidda kusan 1,215, jimla 4,315, ƙarin kusan 900 ke nan. Ta kudu kuwa, Kano zuwa Addis Ababa kusan 3,330, daga nan zuwa Jidda kusan 1,410, jimla 4,740. Ba lallai jirgin ya bi ta kan waɗannan garuruwan ba, amma lissafin zai nuna maka girman ƙarin.

Mataki na 5: Zaɓi gudun jirgin

Gudu ya danganta da irin jirgin, kuma galibi ana rubuta irinsa a tikiti ko a shafin sayen tikitin.

- Manya masu layin wucewa biyu a ciki, irin Boeing 777, 747 da Airbus A330: kilomita 870 zuwa 910 a awa.
- Matsakaita, irin Boeing 737 da Airbus A320: kimanin 830.
- Masu farfela: ATR 72 kimanin 500, Dash 8 Q400 kimanin 650.

Idan ba ka san irin jirgin ba, ɗauki 850 a doguwar tafiya, 800 a tafiyar cikin gida. Kada ka ɗauko iyakar gudun da kamfanin ƙera jirgin ya rubuta. Kamfanonin jigila ba sa taka shi har can, saboda mai.

Mataki na 6: Raba, sannan ka mai da amsar awa da minti

Raba nisa da gudu: 3,590 ÷ 850 = 4.22. Nan ne da yawa ke faɗawa rami, su ce awa 4 da minti 22. A'a. Ɗauki abin da ke bayan ɗigo ka ninka da 60: 0.22 × 60 = 13. Awa 4 da minti 13 ke nan. Haka 1.5 awa ɗaya da rabi ce, ba awa ɗaya da minti 50 ba.

Wannan amsar ta ɗauka cewa jirgin yana cikakken gudunsa daga farko har ƙarshe, kuma ba haka abin yake ba. Yana ɗaukar kamar minti 20 kafin ya hau inda zai daidaita, tsakanin ƙafa dubu 30 da dubu 40, kuma tun saura kusan rabin awa yake fara gangarowa yana rage gudu. Ƙara minti 15 saboda wannan. Lokacin da jirgin zai yi a sama ya zama awa 4 da minti 28.

Sai kuma tafiyar ƙasa. Awannin da ke kan tikiti ana ƙirga su ne daga lokacin da jirgi ya motsa daga inda yake fake har ya tsaya a inda zai sauke fasinja. Turo shi baya, gangarawa zuwa bakin titi, jiran izinin tashi, duk suna ciki. A fili marar cunkoso ƙara minti 15 zuwa 20 na ɓangarorin biyu. A manya irin Jidda a lokacin aikin Hajji, ko Heathrow, ko Dubai, ka ba shi 30. Da minti 20, Kano zuwa Jidda ta tashi awa 4 da minti 48. Duk abin da ka gani tsakanin awa huɗu da rabi da awa biyar a miƙaƙƙiyar hanya, daidai ne. Madina ta fi Jidda nisa daga Kano da kusan kilomita 140, ƙarin minti goma ke nan.

A gajeriyar tafiya waɗannan ƙarin su ne rabin lokacin. Kano zuwa Abuja: 365 × 1.05 = 383, a raba da 830 ya ba da 0.46, wato minti 28. Ƙara 15 na hawa da sauka, ƙara wasu 15 ko 20 na ƙasa, ka sami kusan awa guda. Shi ya sa jirgi mai farfela ba ya yin baya sosai a irin wannan hanyar. Kano zuwa Legas, wadda ke kusan kilomita 835, tana fitowa awa ɗaya da minti 40 ko ƙasa kaɗan. Gwada ta da kanka ka gani.

Mataki na 7: Sa iska a lissafi

Jirgi a cikin iska yake tafiya, iskar kuma ita ma tafiya take yi. Idan tana bayansa gudunsa a kan ƙasa ya ƙaru, idan tana gabansa ya ragu. Da iska mai gudun kilomita 80 a awa a bayansa, jirginmu zai yi 930, tafiyar ta koma awa 3 da minti 52 kafin ƙare-ƙare. Idan a gabansa take, 770 zai yi, ta zama awa 4 da minti 40. Hanya ɗaya, jirgi ɗaya, bambancin ya kusa minti 50.

A yawancin duniya iskar can sama daga yamma take busowa zuwa gabas, ta fi ƙarfi kuma a lokacin sanyi. Dalili ke nan New York zuwa Landan ke ɗaukar kamar awa 7, komawa kuma kamar 8. A yankinmu abin yana juyawa da yanayi: da hunturu zuwa gabas ya fi sauri, amma daga Yuni zuwa Satumba akwai iska mai ƙarfi da ke busowa daga gabas a saman Sahel, sai dawowa daga Saudiyya ta fi sauƙi. A tafiyar kudu da arewa, kamar Abuja zuwa Landan mai kilomita 4,770, iska daga gefe take zuwa, tasirinta kaɗan ne.

Masu cewa juyawar duniya ce ke kawo garin da za a je kusa ba su yi daidai ba. Iskar da jirgin ke ciki tare da ƙasa take juyawa.

Ba za ka san iskar ranar tafiyarka tun da wuri ba. Bar tazarar minti 15 zuwa 20 sama ko ƙasa a tafiyar awa huɗu zuwa shida, shi ke nan.

Mataki na 8: Daidaita agogo

A nan gizo ke saƙar. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin da abin zai faru ne. Lokacin tashi agogon garin tashi, lokacin sauka agogon garin sauka. Ba a ɗebe ɗaya daga ɗaya kai tsaye sai idan agogon garuruwan ɗaya ne.

Mai sauraron rediyo ya saba da agogon GMT, da shi za mu auna. Ghana tana kan GMT daidai. Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru suna gaba da awa 1. Sudan awa 2. Saudiyya, Habasha da Turkiyya awa 3. Dubai awa 4. Indiya awa 5 da rabi. China awa 8. Saudiyya ke nan tana gaban Najeriya da awa 2, duk shekara.

Don sanin lokacin sauka: tara awannin tafiya a kan lokacin tashi, sannan ka ƙara bambancin agogo idan gabas za ka, ka ɗebe idan yamma za ka. A ce jirgi zai tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare, tafiyar awa 4 da minti 45. A agogon Najeriya zai sauka 2:45 na dare, a agogon Jidda kuwa 4:45 na asuba, kuma wannan na biyun za a rubuta a tikiti. Wanda ya ɗebe kai tsaye zai zaci awa 6 da minti 45 ce.

A dawowa abin ya juye. Tikiti zai nuna tashi daga Jidda ƙarfe 9 na safe, sauka a Kano ƙarfe 12 na rana. A ido awa 3 ce, a gaskiya awa 5. Mai zuwa tarba kuma bai da wani lissafi: ƙarfe 12 ɗin nan na Kano ne, kada ya ƙara ko ya rage masa komai.

Wasu ƙasashe suna sauya agogo sau biyu a shekara. Ingila tana daidai da Najeriya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, sauran watannin tana baya da awa guda. Masar ma ta koma sauya agogo tun 2023. Don haka ka duba bambancin na ranar tafiyar, ba na ranar da ka sayi tikiti ba.

Abubuwa biyu a rubutun tikiti suna sa mutane asarar kujera. Alamar +1 kusa da lokacin sauka tana nufin washegari. Sannan agogon tikiti na awa 24 ne: 00:30 ranar Talata na nufin sha biyu da rabi na daren Litinin wayewar Talata. Mai wannan tikitin da daren Litinin zai je filin jirgi. Idan ya bari sai daren Talata, jirginsa ya tashi tun jiya.

Ga mai zuwa gabas, lokutan salla ma suna matsowa. Wanda ya tashi Kano da dare asuba za ta riske shi da wuri fiye da yadda jikinsa ya saba. Mai niyyar Umara da zai wuce Makka kai tsaye kuma gara ya yi amfani da lissafin nan ya kintsa tun saura kamar awa guda a sauka, kada ya jira sanarwar miƙati ta same shi a layin banɗaki.

Mataki na 9: Idan za a ya da zango

Lissafa kowane ɓangare daban, kowanne da nasa ƙarin na hawa, sauka da tafiyar ƙasa, sannan ka tara da lokacin jira. Ta Addis Ababa, ɓangaren farko yana fitowa kusan awa 4 da minti 40, na biyu kusan awa 2 da minti 20. Awa 7 ke nan a cikin jirgi, ba a sa zaman jira ba. Shi lokacin jira yana da sauƙin ganewa, tunda sauka da sake tashin duk a agogon gari ɗaya suke, sai ka ɗebe kai tsaye.

Jiran da bai kai awa ɗaya da rabi ba kasada ne a ganina, ko da kamfanin ya yarda ya sayar maka da tikitin a haka. Idan kuwa tikiti biyu ne daban-daban, inda sai ka karɓi kayanka ka sake miƙawa, kada ka bar ƙasa da awa 4, domin idan na farko ya makara na biyun ba ruwansa.

Mataki na 10: Gwada amsarka da abin da ya faru

Idan kana da lambar jirgin, wato haruffa biyu da 'yan lambobin da ke tikiti, shigar da ita a Flightradar24 ko FlightAware. Za ka ga tafiye-tafiyensa na kwanakin baya, da hanyar da ya bi a taswira, da lokacin da ya tashi a zahiri. Lura cewa awannin da waɗannan shafukan ke nunawa galibi na sama ne kawai, saboda haka za su gaza na tikiti da minti 20 zuwa 40. Kamfanoni kuma sukan ɗan faɗaɗa jadawali don a riƙa ganin sun isa kan lokaci.

Idan lissafinka ya bambanta da tikiti da fiye da minti 45, bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya: agogo, ma'aunin nisa, DEG da RAD, alamar yamma ko kudu. Idan duk suna daidai, to ko dai jirgin yana zagaye wata ƙasa, ko kuma zai tsaya a wani gari ya ɗauki fasinja ko ya sha mai ba tare da an sauya lambarsa ba. Irin wannan tsayawar takan ci awa guda ko fiye, kuma sau da yawa da ƙananan haruffa ake rubuta ta.

Don sanin lokacin barin gida da na isa masauki, ƙara awa 3 kafin tashi idan ƙasar waje za ka, awa ɗaya da rabi zuwa 2 idan cikin gida ne, da kuma awa 1 zuwa 2 bayan sauka na duba fasfo da jiran kaya, wanda a lokacin Hajji yakan zarce haka nesa. Daga filin Jidda zuwa Makka akwai kusan kilomita 100 a mota, daga filin Abuja zuwa tsakiyar gari kimanin 40. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma, idan hazo ya sauko a Kano, Sakkwato ko Maiduguri, jirgi kan yi jinkirin tashi ko a karkatar da shi wani fili, don haka a waɗannan watannin kada ka haɗa jirgin cikin gida da na ƙasar waje a rana ɗaya sai da tazarar awanni masu yawa a tsakani.